Auna Ƙarfin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ta Hanyar Matse Bayanai

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a jami'a ya san akwai ranar da zai tattara ɗan abin da ya samu, ko na tallafin iyaye ko na 'yar sana'ar hutu, ya nufi kasuwa domin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka wadda zai rubuta kundinsa da ita. Galibi ba sabuwa ake saya ba, ta hannu ce wadda aka fi sani da tokumbo. A nan ne ake shiga ruɗani. Mai shago zai ajiye kwamfutoci biyu a kan teburi, ya ce wannan Core i7 ce mai gigahaz 2.9, waccan kuwa Core i5 ce mai gigahaz 1.6. Wanda bai sani ba zai miƙa hannu ga ta farko nan take, domin bakwai ta fi biyar, kuma 2.9 ya kusa ninka 1.6. Amma idan ta farkon tana ɗauke da i7-3520M ne na shekarar 2012, ta biyun kuma i5-8250U na shekarar 2017, to ta biyun ce za ta riga gama aiki mai nauyi.

To, ta yaya mutum zai gane gaskiyar lamari ba tare da ya sayi kifi a cikin ruwa ba? Masana kwamfuta sun daɗe da samun amsa: a ba na'urar aiki sananne, a duba agogo, a ga tsawon lokacin da za ta ɗauka. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi amfani da su wajen wannan awo shi ne matse bayanai, wato rage girman fayil. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda ake yin wannan awo, da abin da lambobin da yake bayarwa suke nufi, da kuma inda amfaninsa ya tsaya.

Furosesa da matsalar gigahaz

Furosesa shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren nan da yake aiwatar da dukkan umarnin da manhaja take bayarwa, shi ya sa ake kiran sa ƙwaƙwalwar kwamfuta. A cikinsa akwai agogo mai bugawa, kuma da kowane bugu ne aiki yake matsawa gaba. Idan aka ce furosesa yana da gigahaz 3, ana nufin agogonsa yana bugawa sau biliyan 3 a cikin sakan ɗaya.

Sai dai wannan lamba ba ta faɗin yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu. A ɗauki misalin mata biyu masu daka. Ɗaya tana sauke taɓarya da sauri amma taɓaryar ba ta da nauyi, ɗayar kuwa tana saukewa a hankali amma kowane bugu yana farfasa hatsi sosai. Wanda ya tsaya a waje yana ƙirga sautin daka ba zai san wadda za ta riga gamawa ba, sai ya leƙa turmi.

Tarihi ya tabbatar da haka. A shekarar 2000 kamfanin Intel ya fitar da Pentium 4, wanda aka ƙera shi musamman domin agogonsa ya yi gudu, har daga baya ya kai gigahaz 3.8. Abokin hamayyarsa, kamfanin AMD, ya fitar da Athlon XP a shekarar 2001, kuma ya daina sa lambar agogo a cikin sunan kayansa. Wanda ya kira 1800+ megahaz 1533 ne kawai yake da shi, amma kamfanin yana nuna cewa aikinsa ya fi ƙarfin wannan lamba. A shekarar 2006 shi kansa Intel ya fitar da Core 2 Duo, wanda agogonsa bai kai na Pentium 4 ba, amma ya fi shi aiki nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin masu bincike suka ƙara dogara ga gwajin aiki maimakon abin da aka rubuta a jikin kwali.

Mene ne matse bayanai?

Matse bayanai shi ne a sake rubuta fayil ta yadda zai ci wuri kaɗan. Iri biyu ne. Akwai wanda ake zubar da wani abu daga cikin bayanan, kamar yadda ake yi wa hoto na JPEG ko sauti na MP3, inda ake cire abin da ido ko kunne ba zai lura da rashinsa ba. Akwai kuma wanda ba a zubar da komai, idan aka kwance fayil ɗin zai dawo daidai yadda yake, ko ɗigo ɗaya ba zai ɓata ba. Wannan na biyun shi ne na fayilolin ZIP da RAR da 7z, kuma shi ne abin da muke magana a kai.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibi. Wanda yake ɗaukar darasi a aji yakan rubuta "ds." a madadin "da sauransu", domin ya san zai iya mayar da ita cikakkiya idan ya zo karatu. Kwamfuta ma haka take yi, sai dai ta hanyoyi biyu manya.

Hanya ta farko ita ce a ba abin da ya fi yawan zuwa gajeriyar alama. A rubutun Hausa na boko harafin "a" ya fi kowane harafi yawa, alhali harafi kamar "ɓ" ba ya zuwa sai jefi-jefi. Idan aka ba "a" alama gajera aka ba "ɓ" doguwa, jimillar rubutun za ta ragu. David Huffman ne ya fito da tsarin lissafin da yake yin wannan rabo yadda ya fi dacewa, a shekarar 1952, lokacin yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka.

Hanya ta biyu ita ce neman maimaici. Abraham Lempel da Jacob Ziv na cibiyar Technion da ke Haifa a Isra'ila ne suka wallafa ta a shekarar 1977, shi ya sa ake kiran ta LZ77. Mu duba wannan jimla: "kasuwa ta ci, kasuwa ta watse". Kalmomin "kasuwa ta" sun zo sau biyu. Maimakon a sake rubuta su, sai kwamfuta ta rubuta gajeren umarni cewa a koma baya gurbi 14, a kwafo gurbi 10, idan an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. A jimla ɗaya ribar ba ta da yawa, amma a littafi mai shafi ɗari uku tana taruwa sosai.

Yawancin manhajojin da muka sani haɗa waɗannan dabaru biyu suke yi. Tsarin ZIP wanda Phil Katz ya fitar a shekarar 1989, da gzip na shekarar 1992, duk a kan wannan tushe suka ginu. Iyakar waiwayen da gzip yake yi domin neman maimaici kilobayit 32 ne. Shi kuwa tsarin LZMA na manhajar 7-Zip, wadda Igor Pavlov ɗan ƙasar Rasha ya fara fitarwa a shekarar 1999, yana iya waiwayen megabayit masu yawa. Wannan fili da ake waiwaya a cikinsa shi ake kira ƙamus, kuma girmansa yana da muhimmanci ƙwarai ga awon da za mu yi bayani.

Me ya sa aka zaɓi wannan aiki?

Dalili na farko shi ne aiki ne na gaske. Duk shafin intanet da muka buɗe, galibi a matse yake zuwa, wayarmu ko kwamfutarmu ce take kwance shi. Duk manhajar da muka sauke a matse take. Hatta fayil ɗin Word mai ƙarewa da docx, wanda ake rubuta kundi a ciki, tarin ƙananan fayiloli ne da aka ɗaure cikin tsarin ZIP. Saboda haka wanda ya auna saurin matsewa da kwancewa ya auna abin da na'ura take yi kullum.

Dalili na biyu shi ne ana iya maimaita shi. Idan aka ba manhaja ɗaya fayil ɗaya da tsari ɗaya, aikin da za ta yi iri ɗaya ne a kowace kwamfuta. Bambancin da za a gani na lokaci ne kawai. Bugu da ƙari, ana iya tabbatar da cewa an yi aikin daidai: a kwance abin da aka matse, a gwada shi da na asali.

Dalili na uku shi ne aikin yana wahalar da furosesa ta fuskoki daban-daban, kamar yadda za mu gani a gaba.

Waɗannan dalilai ne suka sa ƙungiyar SPEC, wadda kamfanonin kwamfuta suka kafa a shekarar 1988 domin samar da ma'auni na bai-ɗaya, ta riƙa sa aikin matse bayanai a cikin jerin gwaje-gwajenta na furosesa. A jerin 1992 da na 1995 ta sa manhajar compress, a na 2000 ta sa gzip da bzip2, a na 2006 ta riƙe bzip2, sannan a na 2017 ta sa xz, wanda ya ginu a kan LZMA ɗin nan na Pavlov. Manhajar tana canzawa da zamani, amma nau'in aikin ya ci gaba da zama a cikin jerin.

Yadda gwajin 7-Zip yake

Gwajin SPEC na manyan kamfanoni ne da masu bincike, saye ake yi, kuma yakan ɗauki sa'o'i. Wanda ɗalibi zai iya yi shi ne na 7-Zip, domin manhajar kyauta ce, ƙarama ce, kuma gwajin yana cikinta. A Windows ana samun sa a ƙarƙashin Tools, inda aka rubuta Benchmark. Wanda ya saba da rubuta umarni kuwa sai ya rubuta 7z b.

Da zarar an fara, manhajar takan ƙirƙiri bayanai na kanta a cikin ma'adanar wucin gadi, wadda aka fi sani da RAM, ta matse su, ta kwance su, ta duba ko sun dawo daidai. Tun da ba ta karanta komai daga faifan ajiya, saurin faifan ba ya shiga cikin sakamakon. Idan aka sami kuskure wajen dubawa takan sanar, shi ya sa wasu suke amfani da gwajin domin gano RAM mai matsala. Wannan kaɗai ma riba ce ga mai sayen ta hannu.

Sakamakon yakan fito kashi biyu, na matsewa da na kwancewa, kuma kowanne yana da lambobi huɗu. Ta farko ita ce sauri, wato kilobayit nawa aka sarrafa a sakan ɗaya. Ta biyu ita ce yawan furosesan da aka yi amfani da shi, inda kashi 100 cikin 100 yake nufin layin aiki ɗaya cikakke, don haka kada mai karatu ya yi mamaki in ya ga 400 ko 800. Ta uku ita ce maki na kowane layin aiki ɗaya. Ta huɗu ita ce makin gaba ɗaya, wanda ake rubutawa da MIPS, wato miliyoyin umarni a sakan. Sababbin nau'o'in manhajar sukan nuna GIPS, wanda kowane ɗaya daidai yake da MIPS 1000.

A nan akwai abin lura. Wannan MIPS ba ƙirga umarnin furosesan da ake gwadawa aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. Saurin da aka auna ne aka juya shi zuwa maki, ta hanyar gwada shi da aikin furosesan Intel Core 2 wanda aka ɗauka a matsayin mudu. Ke nan lambar ta kwatance ce: tana faɗa maka ninki nawa wannan na'ura ta fi waccan a wannan aiki.

Lambobi biyu, labari biyu

Muhimmin abin da ya kamata a fahimta shi ne makin matsewa da na kwancewa abubuwa biyu daban suke aunawa.

Wajen matsewa, babban aikin shi ne bincike. A kowane gurbi manhajar tana tambaya ko ta taɓa ganin waɗannan haruffa a baya, kuma a ina. Domin samun amsa sai ta yi ta tsalle daga wannan lungu na ƙamus zuwa wancan, ba bisa wani jeri ba. Furosesa yana da 'yar ƙaramar ma'ajiya a jikinsa mai suna kash, wadda take kamar aljihun riga: abin da ke ciki nan take ake ɗauko shi, cikin bugun agogo huɗu ko biyar idan a mataki na farko yake. RAM kuwa kamar rumbu ne a bayan gida, sai an tashi an je. Idan tafiyar ta ɗauki nanosakan 80, wato kashi 80 cikin biliyan na sakan, furosesa mai gigahaz 3 ya yi bugu 240 ke nan yana jira. Ƙamus mai megabayit 32, wanda gwajin ya saba farawa da shi a Windows, ya fi ƙarfin kash ɗin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka, balle ma tsarin binciken da ake ginawa a kansa ya ninka shi wajen sau goma. Misali, a matakinsa na 6 da ya saba aiki da shi, xz yana amfani da ƙamus mai megabayit 8, amma yana buƙatar wajen megabayit 94 domin matsewa, da 9 kacal domin kwancewa. Saboda haka makin matsewa ya fi nuna girman kash da saurin amsawar RAM, da kuma iyawar furosesa ta ci gaba da wani aikin kafin saƙon da ya aika ya dawo.

Wajen kwancewa kuwa babu bincike, domin an riga an rubuta inda komai yake. Wahalar a wani wuri take. Furosesa ba ya jira ya gama umarni ɗaya kafin ya fara na gaba. Yakan jera su a matakai, kamar masu miƙa bulo a wajen gini, kowa yana riƙe da ɗaya a lokaci guda. Idan aka zo mararraba a cikin shirin, inda za a bi dama ko hagu gwargwadon sakamakon wani lissafi da bai fito ba tukuna, sai furosesa ya yi hasashe ya ci gaba. In ya canka daidai, ya ci riba. In ya kuskure, sai ya zubar da duk abin da ke kan layi ya sake farawa. Bayanan da aka matse an riga an cire musu duk wani tsari mai maimaituwa, don haka mararrabar da ke cikin kwance LZMA tana da wuyar canka ƙwarai, kuma kuskure yana yawaita. A nan ne Pentium 4 ya sha kashi: nau'insa na shekarar 2004 mai suna Prescott yana da matakai 31 a layinsa, alhali Core 2 yana da 14. Kowane kuskure ya fi tsada ga mai dogon layi. Ke nan makin kwancewa ya fi nuna ƙarfin lissafin lambobi da kuma asarar da furosesa yake yi idan hasashensa ya kuskure.

Wannan ne ya sa za a iya samun kwamfutoci biyu, ɗaya ta yi gaba a matsewa ɗayar ta yi gaba a kwancewa. Wanda ya duba jimillar maki kawai ba zai ga wannan ba. Haka kuma, idan kwamfutoci biyu masu furosesa iri ɗaya suka yi kunnen doki a kwancewa amma suka bambanta a matsewa, to wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne RAM ɗinsu.

Ƙwayoyi da yawa

Furosesan zamani yana da ƙwayoyi fiye da ɗaya a cikinsa, kowace tana iya aiki ita kaɗai. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gwajin 7-Zip yana ba kowane hannu abin ɗauka. A nan ne sirrin misalinmu na farko yake: i7-3520M ƙwaya 2 yake da ita da layin aiki 4, shi kuwa i5-8250U ƙwaya 4 da layin aiki 8. Sannan gigahaz 1.6 ɗin da aka rubuta masa na tushe ne kawai, yana iya hawa har 3.4 idan aiki ya taso.

Amma fa ba kowane aiki ne yake rabuwa haka ba. Gene Amdahl ya yi bayanin wannan tun a shekarar 1967. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki dole ne a yi shi bi da bi, to ƙwaya 8 ba za ta ninka saurin sau 8 ba, sai wajen sau 4.7, kuma ko an kawo ƙwaya dubu ba za a wuce ninki 10 ba. Gwajin 7-Zip yana rabuwa sosai fiye da yawancin ayyukan yau da kullum. Saboda haka furosesa mai ƙwayoyi da yawa zai iya samun maki mai ban mamaki, amma wajen buɗe Word ko duba ƙamus a intanet ba za a ji bambancin ya kai haka ba. Maganin wannan shi ne a yi gwajin sau biyu: sau ɗaya da dukkan layukan aiki, sau ɗaya da layi ɗaya tak. Manhajar ta ba da damar zaɓen adadin.

Kurakuran da ya kamata a guje wa

Kowa ya san mudun wata kasuwa ba lallai ya zo daidai da na wata ba. Haka awon nan yake, sai an tabbatar mudu ɗaya aka yi amfani da shi.

Na farko, nau'in manhajar ya zama ɗaya. A shekarar 2018 Pavlov ya inganta ɓangaren kwance LZMA a nau'i na 18.03, inda saurinsa ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100 a tsarin bit 64. Wanda ya gwada makin tsohon nau'i da na sabo zai zaci kwamfuta ce ta fi ƙarfi, alhali manhajar ce ta canza.

Na biyu, girman ƙamus da adadin layukan aiki su zama ɗaya. Ƙaramin ƙamus yana iya shigewa cikin kash, sai makin matsewa ya tashi.

Na uku, a kula da wuta da zafi. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage gudunta idan tana kan batir domin ta yi tattalin caji, don haka a jona ta kafin a fara. Haka kuma furosesa yakan rage gudu da kansa in ya yi zafi, domin kada ya lalace. Tsohuwar kwamfuta wadda ƙura ta toshe mata fanka za ta iya ba da maki mai kyau a minti na farko, sannan ya faɗi a minti na biyar. Saboda haka a bar gwajin ya yi ta zagayawa na wasu mintuna, a ga ko makin ya tsaya ko yana sauka. Ga mai saye a ƙasa mai zafi kamar tamu, wannan saukar ta fi makin farko ba da labari.

Na huɗu, a rufe sauran manhajoji, domin duk abin da yake aiki a ɓoye yana cin rabon gwajin. Kuma kada a dogara ga zagaye ɗaya. A yi aƙalla sau uku a ɗauki na tsakiya.

Wanda ya fi son ya auna da fayil na gaske, da agogon hannu, yana iya yi. Misali, idan kwamfuta ɗaya ta matse megabayit 600 a sakan 120, ɗayar kuma a sakan 80, to ta farko tana yin megabayit 5 a sakan, ta biyu 7.5, wato ta ninka ta sau ɗaya da rabi. Sai dai fayil ɗin ya zama ɗaya a duka biyun, kuma kada ya zama bidiyo ko waƙa ko hoto, domin waɗannan an riga an matse su, babu sauran maimaicin kirki a cikinsu. A kuma tuna cewa a wannan hanya saurin faifan ajiya yana iya shiga cikin lissafi. Domin kauce wa gardama a kan wane fayil za a yi amfani da shi, masu bincike sun tanadi tarin fayiloli sanannu, kamar na Calgary na shekarar 1987, da na Canterbury na 1997, da na Silesia na 2003.

Inda ma'aunin ya tsaya

Gwajin LZMA na 7-Zip lissafin cikakkun lambobi yake yi. Ba ya taɓa ɓangaren furosesa mai lissafin lambobi masu ɗigo, wanda aikin kimiyya da zane mai motsi suke dogara a kansa. Ba ya auna na'urar sarrafa hoto, wadda masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo suke buƙata. Ba ya faɗin komai game da faifan ajiya, alhali sau da yawa nauyin da mutum yake ji a tsohuwar kwamfuta daga tsohon faifai mai juyawa yake, kuma sauya shi da SSD yakan kawo sauƙin da sauya furosesa ba zai kawo ba. Haka nan ba ruwansa da lafiyar batir ko allo ko madannai.

Har ila yau, su kansu dabarun matsewa ba ɗaya suke ba. LZ4 na shekarar 2011 da Zstandard na 2016, waɗanda Yann Collet ya ƙirƙira, na biyun yana aiki a Facebook, an tsara su ne domin gudu, kuma suna kwancewa da saurin da ya ninka na LZMA sau da yawa. Yadda suke matsa wa furosesa daban ne, don haka jerin gwanaye a gwajin ɗaya ba lallai ya zama shi ne a ɗayan ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa lambar gigahaz da sunan i5 ko i7 ba su isa su nuna ƙarfin furosesa ba, sai an ba shi aiki an auna. Mun ga matse bayanai ya dace da wannan awo domin aiki ne na kullum, ana iya maimaita shi, kuma ana iya tabbatar da sakamakonsa. Mun kuma ga makin matsewa ya fi nuna kash da RAM, na kwancewa kuma ya fi nuna lissafi da hasashen furosesa, sannan kwatance ba ya inganta sai nau'in manhaja da girman ƙamus da adadin layukan aiki sun zama ɗaya.

Shawara ga ɗan'uwa ɗalibi ko 'yar'uwa ɗaliba mai shirin zuwa kasuwa ita ce: a sa 7-Zip a cikin filas, a nemi izinin mai shago, a jona kwamfutocin da ake zaɓe a tsakaninsu, a bar gwajin ya yi minti biyar a kowace. A rubuta makin matsewa da na kwancewa, da layi ɗaya da kuma dukkan layuka, a lura ko makin yana sauka, a kuma duba ko an sanar da wani kuskure. Bayan haka sai a duba faifai da batir da allo, sannan a shiga ciniki. Gani ya kori ji.